Gayyar da Aka Ci Babu Gishiri

Godogodo, 28 ga Afrilu, 1991

Zuwa ga yayata Yemima,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da harkar kasuwa a Kachia. Mu nan lafiya, sai godiya.

Irin cittar da kika aiko ta hannun Malam Hussaini mai mota ya iso. Na shimfiɗa shi a inuwar mangwaron bayan gida, idanunsa har sun fara tsirowa. Na san shi kika ware wa gonarki, kuma tsatson wanda Mama ta bari ne. Ba ni da wani bayan wannan. In ya lalace a hannuna ban san da wace fuska zan dube ki ba. Ban kuma san me zan gaya wa matata Caroline ba, wadda na bari a Kafanchan da yara da aikin koyarwarta, bisa alkawarin cewa gona za ta riƙe mu tunda aikin ofis ya ƙare.

Kin tambayi jikina. Tun da likita ya ce hawan jini ne na bar gishiri da magi gaba ɗaya. Da safe kunun acca ba sukari, da rana gwate da zogale da yakuwa. Ruwan rafi ya yi ja tun saukar ruwan farko, don haka sai na tafasa nake sha. A ƙafa nake zuwa gona. Tokar murhu ba na zubarwa, ina haɗa ta da kashin kaji don taki. Jirin nan da ke ɗibata ya ragu ƙwarai. Ina rubuta komai a littafina kowace rana, ko da yake wani lokaci in na karanta sai in ga kamar ina yabon kaina ne.

An gama kaftu. Baba Silvanus, dattijon unguwarmu, ya kira mini gayya ranar Asabar, maza za su shuka. Ranar Litinin kuma matan zumunta na coci za su ɗebo ganye daga daji su lulluɓe gonar. Matarsa, Mama Emilia, ita za ta yi girki. Ina da wani tunani a kan abincin, wanda nake ganin zai amfani kowa. Zan ba ki labari.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Kaleb


Kachia, 2 ga Mayu, 1991

Kaleb ƙanena,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Mun gode wa Allah da jikinka ya yi sauƙi.

Abu biyu zan gaya maka, ka rubuta su a littafin nan naka da manyan baƙaƙe. Na ɗaya, citta ba masara ba ce. In an shuka ba a rufe da ganye da wuri ba, rana za ta dafa ta a cikin ƙasa, ruwa in ya zo ya tone abin da ya rage. Aikin mata ne ke fid da citta, ba aikin maza ba.

Na biyu, wannan tunanin naka a kan abinci bai kwanta mini ba. Tun kana yaro in ka ce kana da tunani sai an tara mutane. Ka ba Mama Emilia kayan miya, ka fita daga kicin. Ka ji ni?

Allah ya ba da damina mai albarka.

Yayarka da ke ƙaunarka,
Yemima


Godogodo, 8 ga Mayu, 1991

Yaya Yemima,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta zo ranar Lahadi, gayya kuwa an yi ta ranar Asabar. Zan faɗa miki abin da ya faru bi da bi, ki duba ko akwai abin da ban gane ba.

Na yi tunanin cewa abin da ya yi mini magani zai yi wa kowa. Rabin dattawan garin nan ƙafafunsu a kumbure suke. Ga shi kuma kaya sun yi tsada, na ga babu dalilin ɓarna. Sai na kai wa Mama Emilia acca da wake da ganye da manja kaɗan, na roƙe ta kada ta sa gishiri ko magi. Ta ce, “Kaleb, mutane ne za su ci, ba awaki ba.” Na yi mata bayani. Da na ga ba ta gamsu ba, sai na ɗauke kwalbar gishirinta na kai ɗakina, don kada hannunta ya je wurin bisa sabo.

Maza sun yi aiki sosai, kafin rana ta take sun ci rabin gona. Aka kawo abinci gindin ɗorawa, wasu daga matan zumunta suka taya rabawa. Nicholas mai gyaran keke ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya dubi sama.

“Jama'a,” in ji shi, “wa ke kwance a asibiti a cikinmu? An kawo mana abincinsa bisa kuskure.”

Aka yi dariya. Wani ya ce a miƙo masa ƙasa ya barbaɗa, ko za ta fi ɗanɗano. Ni a lokacin ina can ƙarshen gona ina duba layi, sai daga baya aka maimaita mini. Da na iso na ga ana ci shiru, sai na ɗauka abincin ya karɓu. Na ci nawa, na yi godiya. Suka ƙarasa shukar, suka tafi ba waƙa.

Ranar Litinin na jira matan tun da sassafe. Babu wadda ta zo. Jiya ma haka. Na je gidan shugabar zumunta, Mama Roseline, ta gaishe ni da kyau, ta ce kowa na fama da tasa gonar. Mama Emilia kuma ba ta fito ba, an ce kanta ke ciwo.

Ruwa ya ɗauke tun ranar shukar, rana kuwa kamar wuta. Na tona wuri ɗaya da yatsa, ƙasar da zafi har ciki. Don haka na ɗauki adda da igiya na shiga daji da kaina. Ina saran ganye, in ɗaure, in ɗauko a ka. Yara na bi na suna dariya, don ba su taɓa ganin namiji da dammin ganye ba. Wuyana ya sage, abin da na rufe kuma bai kai kusurwa ɗaya ba. Ina hutawa in na ji bugun zuciya, kada ki damu. Amma ba zan zauna ina kallon irin Mama yana dahuwa ba.

Abin da ban gane ba shi ne, in maza ne suka ci abincin, me ya hana mata zuwa?

Naki,
Kaleb


Kachia, 10 ga Mayu, 1991

Kaleb,

Gaisuwa. Ba zan tsawaita ta ba, don raina a ɓace yake.

Labarinka ya riga wasiƙarka isowa. Wata mai sayar da manja daga wajenku ta ba ni shi a tsakiyar kasuwa, ba ta ma san ni yayarka ba ce. Ka san yadda ta faɗe shi? Ba ta ambaci sunanka ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi, “Kin ji Emilia ta Godogodo ta tsufa? Ta yi wa gayya girki ta manta gishiri.” Wasu kuma na cewa ɓoye kayan miyar ta yi don gidanta.

Matar nan ita ke girkin kowane biki da kowace jana'iza a garin tun kafin ka shiga sakandare. Ita ta dafa abincin aurenka. Ba ta da gona babba, ba ta yi boko ba, hannunta shi ne sunanta. Kai ka ɗauke gishirin, ita ta sha kunyar, kuma ba ta buɗe baki ta tona ka ba don kai ɗan gida ne. Roseline ta san gaskiya, don ita ta same ta tana kuka a bayan rumbu. Shi ya sa matan ba su zo ba. Ba ƙoshi suke nema a wurinka ba.

Likita kai ya hana wa gishiri, bai hana Godogodo ba. Mutumin da ya bar gonarsa ya zo taka, ba ka ba shi magani, abinci kake ba shi.

Ganyen da kake ɗauka, sannu, amma kai kaɗai sai Kirsimeti ka gama. Ka san inda za ka. Kada kuma ka aika da takarda, na san halinka. Da ƙafarka da bakinka.

In irin ya mutu, ya mutu, zan nemo wani baɗi. Amma ka gyara sunan matar nan.

Yemima


Godogodo, 15 ga Mayu, 1991

Yaya Yemima,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma gode miki, ko da yake wasiƙarki ta hana ni cin abinci ranar da ta zo.

Kin san ni, sai da na zauna na tsara abin da zan faɗa a takarda. Da na karanta sai na ga rabinsa bayanin hawan jini ne. Na sa takardar a murhu.

Na ɗauki kwalbar na je wurin Mama Emilia. Na same ta tana tsince wake a ƙofar kicin. Na durƙusa na ajiye kwalbar a gabanta. Ba ta dube ni ba.

“Ka gama da ita?” ta ce.

Na ce, “Mama, na yi kuskure.”

“A nan ka yi shi?”

Na ce a'a, a gindin ɗorawa.

“To me ya kawo ka nan?” Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ranar Lahadi bayan sujada, matan zumunta suna zaune a inuwa suna shirin koyon waƙa, maza kuma ba su watse ba. Na roƙi Mama Roseline ta ba ni dama. Na miƙe a gaban kowa. Na ce abincin gayya ni na lalata shi, ni na ɗauke gishirin da hannuna na kulle a ɗaki, Mama Emilia ta hana ni ban ji ba. Ban ƙara komai ba. Ban ambaci citta ba, don na ƙudura ba zan haɗa roƙon gafara da roƙon aiki ba.

Sai Nicholas ya ɗaga murya daga baya.

“Ashe ɓarawon gishiri muke nema, ga shi da taye a wuya!”

Wurin ya fashe da dariya. Mama Roseline ta ce, “Kai Nicholas, rufe baki, kai ma ka ci kwano biyu.” Sannan ta juyo gare ni. “Malam Kaleb, mun ga kana ɗaukar ganye. Wa ya koya maka ɗaurin nan? Rabinsa a hanya yake zubewa, awakinmu sun yi ƙiba.”

Mama Emilia ba ta yi dariya ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce, “An ji.” Shi ke nan.

Ranar Litinin na fita da addata kamar kullum, ban sa rai da kowa ba. Ina dawowa da dammin farko na hango su a kan hanyar rafi, layi guda, kowace da kaya a ka, suna waƙa. Yaya, sai da na ajiye nawa na zauna a kan dutse. Kafin la'asar babu inda ake ganin ƙasa a gonar. Ban koma gefe ba, na yi ta ɗauka tare da su, Mama Roseline ta nuna mini yadda ake gicciya rassan kafin a ɗaure.

Tun da na ga sun zo na ruga na kai wa Mama Emilia kayan miya, har da zakaran nan da nake ta ajiya, na fita daga kicin kamar yadda kika ce. Da aka kawo abinci na yanke shawara zan ci abin da kowa ya ci, ko me likita zai ce. Na miƙa hannu ke nan Mama Emilia ta buge shi da ludayi.

“Wannan na masu lafiya ne. Kana so Caroline ta ce na kashe mata miji?”

Ta jawo wata ƙaramar tukunya daga cikin kwando. Gwate ne, babu gishiri ko ƙwaya, amma ta sa daddawa da citta da yakuwa da wani abu da ta ƙi gaya mini. Ban taɓa sanin abinci marar gishiri zai iya daɗi haka ba. Ashe duk watannin nan azaba nake ba kaina a banza.

Ruwa ya sauka jiya. Ban san abin da ya rage da rai a ƙarƙashin ganyen ba. Ɓangaren gabas ya daɗe a rana. Kullum hannuna na ƙaiƙayin in tona in gani, ina hana shi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Kaleb


Godogodo, 9 ga Yuni, 1991

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Malam Hussaini na jira a bakin hanya.

Citta ta fito. Ba duka ba. Gabas ya tafi, na zuba wake a wurin. Sauran kuwa ya huda ganye, kore shar. Irin Mama bai ƙare a hannuna ba, kuma in Allah ya kai mu kaka, naki za a fara warewa.

Gobe gayyar ganye ce a gonar Mama Roseline, ta yi shukar baya. An sa ni a layin mata. Mama Emilia ta ce in zo da ƙaramar tukunyata, amma in na kusanci babbar za ta karya mini hannu.

Ki huta lafiya.

Kaleb