Doguwar Allura a Cinyar Baba

Malam, don Allah ka taimake ni, abin nan ya hana ni sakat. Shekara goma sha biyar ina yi wa shanu allura a wajen Gubi, duk rugagen nan sun san hannuna. Da aka gano mahaifina yana da ciwon suga aka rubuta masa insulin, sai Sista Liatu, nas ɗin asibitin, ta nuna mini yadda zan kamo fatar cikinsa in soka wata 'yar guntuwar allura. Na ce to, amma a raina dariya nake, ina ganin abin da bai shiga nama ba ai wasa ne. Muna komawa gida na samo doguwa na zurma masa a tsokar cinya. Kafin la'asar Baba ya jiƙe da gumi, yana karkarwa, bai gane kowa ba. Da ƙyar aka ceto shi. Yayyena suka ce nas ce ta ba da mugun magani, suka je suka yi mata tas a gaban mutane, ina tsaye ban ce uffan ba. Yau sati biyu Baba ya ƙi allurar, sai ramewa yake, kuma kullum ni yake sa wa albarka.

Mai allurar shanu, Gubi

Ɗan'uwa, ina taya shanun Gubi murna, sun samu gwani. Sai dai Baba ba ya cikinsu.

Kowace allura da ƙofarta. Akwai ta jijiya, mai shiga jini nan take. Akwai ta tsoka. Akwai kuma ta ƙarƙashin fata, inda magani ke shiga jiki sannu a hankali, kuma nan ne wurin insulin. In aka kai shi tsoka yakan yi gaggawa ya kayar da suga. Gajartar da ka raina, ita ce dabarar.

Ban ce mugunta ka yi ba. So kake ya warke da wuri, sanin da kake da shi ne ya ruɗe ka. Amma shirun nan naka ya fi allurar haɗari, domin tsohon yana gudun maganin da bai yi masa laifi ba. Yau ɗin nan ka durƙusa ka faɗa masa gaskiya, a gaban yayyenka. Kada ka sake soka masa komai sai kun mai da shi asibiti an auna shi. In kun je, ka ba Sista Liatu haƙuri a inda aka ci mutuncinta, sannan ka roƙe ta ta sake koya maka.

Za ka sha faɗa, ka jure. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.