Hannun Dama na Baba

Laraba, bayan isha'i.

Yau na kai Baba taron masu bincike kan ciwon karkarwar jiki. Likitansa ne ya roƙe shi ya zo ya yi magana, ni kuma in fassara. Tun daga gidanmu a Dawaki hannunsa na dama yake rawa a cikin keke Napep, yana danne shi da na hagu.

Sun yi ta nuna hotunan ƙwaƙwalwa, ban fahimci rabinsu ba. Daga baya wata likita ta tambaye shi abin da ya fi damunsa. Na ɗauka tafiya zai ce.

Sai ya ce, "Gaya musu shekara biyu rabona da cin tuwo a zaure da mutane. Dama tana zubar da miya, hagu kuma ba a ci da ita."

Kunya ta rufe ni. Na ce musu da Turanci ba ya iya cin abinci sosai. Baba ya harare ni ya ce, "Maganata ta fi haka tsawo, Sani."

Dole na faɗa duka. Likitar ta ajiye biro, ta ce ba ta taɓa tunanin wannan ba.

Ni fa duk tsawon lokacin nan na zaci fushi yake da mu, shi ya sa yake rufe ƙofar ɗakinsa in zai ci abinci.

Da magariba na ɗauki kwanona na shiga ɗakinsa na zauna. Miyar kuka ta ɓata masa riga. Ban kalla ba. Ya cinye tuwonsa, har ya ce a ƙaro.