Ranar da Aka Mayar da Kujerar Sarki

Zuwa ga aminina Ofosu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka, kumburin ya sauka? Ina Abenaa da jikoki?

Jiya majalisa ta kayar da gwamnatin Firaminista Dansowaa da ƙuri'a uku. Ka san abin da tsarin mulki ya ce, tunda ni da kai muka rubuta shi: kujerar firaminista aron Sarki ce, ranar da majalisa ta juya wa firaminista baya sai ya ɗauko ta a ka, ya taka da ƙafarsa ya mayar fada cikin kwana uku. Shekara talatin ba wanda ya mayar. Na farko sojoji ya kira, shi ya kore ka daga ƙasar nan. Na biyu ya ce wuyansa ke ciwo, ya shekara tara yana jinya a kanta. Ni kuwa da digirina biyu na ƙare ina rubuta wa mutane takardun koke a bakin kotu.

Ka yi alkawari duk ranar da aka mayar za ka dawo gida. Kada ka ɗaure kaya. Ita ma mutum ce.

Naka, Amoako

Ofosu,

Ina fata kun tashi lafiya.

Ta mayar! Da hantsi ta fito, kujera a ka, ba soja ko ɗaya. Ashe abin nauyi ne da shi, mu da muka rubuta ba mu taɓa ɗagawa ba. Daidai kasuwa ta fara tangaɗi. Matan kasuwa suka sa dariya: "Uwar ɗaki, yau kin ji abin da muke ji!" Na ce a raina, shi ke nan, yanzu za ta kira mota. Sai wata mai kifi ta warware ɗankwalinta ta naɗa gammo. "Sunkuyo, 'yar nan. Wa ya aike ki ɗaukar kaya haka? Kada ki karye mana, gaba ma za mu neme ki."

Ta sunkuya. Na bi su har fada, Sarki ya miƙe ya karɓa da hannu biyu. Ban yi kuka ba, hayaƙin masu suya ne.

Mun manta da gammo a tsarin mulki, Ofosu. Na share maka ɗaki, ka zo mu gyara.

Ka gaida Abenaa.

Naka har kullum, Amoako