Komawa Baya Don Samun Kujera

Zuwa ga Yaya Dinanath,

Bayan gaisuwa da girmamawa, yaya gida, yaya tarin Inna? Ni lafiya nake a Mumbai, in ban da gwiwa da ke ɗan taɓa ni.

Na karanta a ƙasidar hukumar jirgin ƙasa cewa shekara arba'in tasharmu ce ƙarshen layi. Yanzu an ƙara tashoshi uku a bayanmu, jirgi a cike yake isowa, gwiwar kuma ba ta jure tsayuwar awa guda da rabi. Don haka nakan shiga mai komawa baya, in kama kujera, in jira ya juyo. Baburao mai shayin tasha yakan ce, "Kawu, kowa ya nufi gari, kai ka nufi daji?"

Sau biyu na makara. Shugaban ofis ya ce ta uku sallama ce, ga shi saura wata goma sha ɗaya in kai fansho.

A aiko mini da man shafawa irin na Inna. Ka gaya mata kullum a zaune nake zuwa aiki. Kada dai ka faɗa mata ƙarfe huɗu na asuba nake tashi.

Ƙanenka,
Ramnaresh