Kek ɗin Wauta

Litinin, 3 ga Fabrairu
Ofishin marasa aiki kuma. Asger, jami'in da aka haɗa ni da shi, sa'an ɗana ne, amma shi ke koya mini zaman duniya. "Bodil, ajin yamma ba laifi, sha'awa ce. Amma ranar da kika zama ɗalibar safe, tallafi ya tsaya. Dole kullum ki kasance a shirye ko aiki zai fito." A shirye! Tun da aka rufe masana'antar kifi nake a shirye, ko kare bai kira ni ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
An mayar da ajinmu na koyon kula da tsofaffi zuwa safe, a gidan tsofaffin da ke bayan tashar jiragen ruwa. Ban gaya wa Asger ba. Da tallafin nan nake biyan haya.

Talata, 25 ga Fabrairu
Na yi wa wani dattijo, Preben, aski. Ya ce, "Ke, a hankali, ba kifi kike karkarewa ba." Na ce kifi ya fi shi haƙuri. Ya yi ta dariya har haƙoransa na roba suka zame.

Laraba, 5 ga Maris
Asger ya bugo. Wai an samu aiki, naɗe kwalaye a wani sito, na ɗan lokaci, Litinin da safe. Bakina ya riga ni: "Litinin ina da jarrabawa."
Sai ya ce, "Da safe, Bodil?"
Wawuya kawai.

Juma'a, 7 ga Maris
Sun tsayar da tallafin. Da gida na zauna ina kallon bango, da suna nan suna biyana. Na tsane su, har muryar nan ta Asger mai taushi.

Lahadi, 9 ga Maris
A masana'anta, duk wanda ya tafka wauta sai ya kawo wa abokan aiki kek. Ni na kanti nake saya musu, mafi araha. Wautar bana ta fi kowacce, gobe 'yan ajinmu za su ci kek.

Litinin, 10 ga Maris
Na yi jarrabawar. Hayar Afrilu kuwa, oho.
Na ajiye kek a tebur. Gitte, 'yar ajinmu, ta ce, "Na wauta ne? Me kika ɓata?" Na ce na faɗa wa hukuma ni ɗaliba ce. Ta ɗanɗana, ta harare ni. "Wa kike ruɗa? Wannan da hannunki kika gasa, har da kirim a sama."
Ƙwai ne suka kusa lalacewa a firij, shi ke nan.