Rinin da Rana Ta Shanye

Zuwa ga: Mai girma Mista Gordon Pawluk,
Daraktan Gine-gine da Kayan Aiki,
Cibiyar Binciken Ƙwaƙwalwa ta Thorvald, Winnipeg.

Daga: Delphine Arsenault, ɗalibar digiri na uku, ɗaki na 412.

14 ga Mayu, 2019

Game da: lalacewar gilasan binciken Farfesa Maureen Sigurdson

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena.

1. Shekara shida malamata Farfesa Sigurdson tana bin sawun tambaya guda: daga ina jijiyoyi masu ɗauke da saƙon sinadarin da ake kira feftayid suke tasowa kafin su iso ƙasan gaban ƙwaƙwalwar ɓera, wurin da ke da hannu a tunawa? Mukan ɗiga rini mai ƙyalli a wurin, mu ba shi mako guda ya bi jijiya da baya har mahaifarta, sannan mu yanka ƙwaƙwalwar siriri, mu shimfiɗa a gilashi. Babban makashin rinin nan shi ne haske.

2. Ranar Juma'a, 10 ga Mayu, ma'aikatanka masu shirin sauya mana ɗaki suka buɗe akwati goma sha bakwai don duba ko wani gilashi ya tsage, suka bar su a hangame bakin taga har Litinin. Shugabansu, Mista Duane, har yana tsokanata wai ina yi wa gilashin wofi kuka. Na leƙa gilasan ta madubin bincike mai ƙara girma. Inda a da nake ganin taurari, sai duhu, kamar garin da aka ɗauke wa wuta. Yawancin ɓerayenmu arba'in sun ba da ransu a banza.

3. Farfesa ta ajiye aiki a Janairu saboda ciwon mantuwa. Duk Lahadi nakan kai mata hotunan aikin. Sunana ya ɓace mata, yarinyar nan mai jar hula take ce mini, amma wallahi da ta ga hoto sai ta nuna wurin da yatsa ta faɗi sunansa. Ban iya gaya mata abin da ya faru ba.

Ba hukunci nake nema wa kowa ba; rashin sani ne. Akwati uku sun rage a firiji, kuma jibi Alhamis za a kwashe su. Ina roƙo a ba da umarni a rubuce kada wanda ya buɗe su, a bar ni in naɗe su in ɗauka da hannuna.

Gilasan ɓera na talatin da ɗaya suna cikinsu. Shi take ta tambayata, na kuma yi mata alkawarin hotonsa ranar Lahadi, tun tana iya gane shi.

Na gode, a huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Delphine Arsenault