Gaurakin Fadamar Baba

Likoro, Disamba 1963

Zuwa ga Yayata Ummuhani, a Wad Madani, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga yayarsa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Usmanu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku ƙarasa Makka da ƙafafunku, ya dawo mana da ku. Mu nan lafiya lau, sai kewa. An gama girbin dawa, matata Lantana ta sauka, an sami mace, uwa da 'ya suna lafiya. Na san Alhaji Tanko ya isar miki da labarin rasuwar Baba, don haka ba zan sake fama miki ciwon ba, sai dai mu ƙara yi wa juna gaisuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yaya, kin roƙe ni hoton Baba tun da kika ji na sami kyamara a wurin aikin gona, kika ce su Bilki da Musa suna ta tambayar kamannin kakansu. Idan kin buɗe ambulan ɗin nan ba za ki ga fuskarsa ba, tsuntsaye za ki gani. Ki yi haƙuri ki ji yadda aka yi.

Ranar da na karanta masa takardarki ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ba za a kai wa jikokinsa tsoho marar haƙora cikin tsohuwar riga ba, a bari maɗinkin Makarfi ya gama masa sabuwa, wanzami ya gyara masa gemu, sannan ya zauna a kujera kamar alƙali. Daga nan ya tambaye ni ko wannan akwatin nawa yana iya kama tsuntsu. Ya ce lokacin da kike yarinya, idan an tura ki tsaron shinkafa a fadama, kowane tsuntsu kikan kora ban da gauraki, har ya taɓa samun ki kin ajiye gwangwanin kora kin tallafe haɓa kina kallon su suna gyaran gashi. Ya ce a fara aika miki da su, don a ganinsa can inda kuke babu irinsu.

Haka muka soma fita fadamar bayan sallar asuba. Tafiyar da kika sani 'yar kaɗan ce, amma sai mun tsaya a hanya ya huta, yana dogara sanda. Mukan zauna bayan kututturen giginyar nan da ta faɗi, mu lulluɓa da tsohon bargo. Da fari na yi ɓarna ƙwarai. Ina ɗaga kyamara balbelu su tashi, kirinjijiya su bi su da kuka, gaurakin su miƙe wuya su yi gaba. Hoton da ke nuna ruwa da ciyawa kawai, na wannan lokacin ne. Baba ya ce in daina yi musu kallon mai bin bashin gaisuwa, in zauna kamar ba don su na zo ba, sai rana ta ɗan ɗaga sun ƙoshi, lokacin ne hankalinsu ke komawa kan jikinsu.

Gaskiyarsa kuwa. Idan hantsi ya soma, sai su hau tudun yashi su tsaya da ƙafa ɗaya. Kowanne ya juya wuya ya kama gashin fiffike da baki, ya ja shi tun daga tushe har ƙarshe, ya saki ya kama na kusa da shi, ba gaggawa. In ya gama ya buɗe fukafukai ya karkaɗe, ƙananan gasu su tashi su sauka kan ruwa. A zaman nan Baba ya ba ni labarai da ban taɓa ji ba, cikin raɗa, har da yadda Inna take yi masa faɗa idan ya ɗauki matajinta. Na girma a gidansa, amma sai a bayan kututturen nan na san shi mutum ne mai ban dariya.

A fitarmu ta ƙarshe fim ya kusa ƙarewa, saura ɗauka guda, wadda na ajiye don shi. Sai ga gauraki biyu sun sauko kusa da mu, har muna ganin jan da ke kumatunsu. Ɗayan ya sunkuyar da kai, tukkunsa yana sheƙi a rana, ɗayan ya shiga tsefe masa bayan wuya, wurin da bakinsa ba zai kai ba. Baba ya raɗa mini in ɗauka. Na ce masa wannan tasa ce. Ya ce fim bai ƙare a Zariya ba, shi kuma yana nan gida kullum, amma waɗannan ba za su sake matsowa haka ba. Na ɗauka. A makon nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Rigar ta iso yana kwance, ya shafa ɗinkin ya ce ta yi kyau. Kafin in sami zuwa Zariya, mai aukuwa ta auku. Har yau nakan zauna in ce da ma ya yarda da tsohuwar rigar.

Akwai kuma maganar da nake so ki ba ni amsa. Za a raba gado, kuma Yaya Inuwa yana so a share fadamar duka a dasa rake, don ya ga yadda mutanen Makarfi suke samu da mazarƙwaila. Ban ga laifinsa ba, iyalinsa sun yi yawa. Amma in aka share har bakin ruwa, gaurakin sun tafi ke nan. Na ce masa a ba ni kasona ta gefen tudun yashi, ya ce wannan wurin ko kuɓewa ba ya yi, amma ya amince. Nawa kaɗai ba zai rufe bakin ruwan ba. Idan kin yarda a haɗa naki da nawa a bar shi haka, ki aiko da magana. In kuma kina bukatar amfaninsa, wallahi ba zan ji komai ba, haƙƙinki ne.

Za ki ga hoton na ƙarshe ya ɗan yi dishi-dishi. Mai wankin hoto a Zariya ya ce ya lalace, hannuna ya motsa, ya so ya jefar. Na hana shi. Ba hannuna ba ne. Daidai lokacin da na danna, Baba ya damƙi kafaɗata don murna, ya girgiza ni. Idan su Bilki sun tambaya ina kakansu a ciki, ki nuna musu wannan motsin.

Gwaggo Hajo tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa Baba a addu'a. Yaya Inuwa da iyalinsa da Lantana duk suna gaisuwa. Ki miƙa gaisuwata ga Malam Usmanu, ki shafa mini kan Bilki da Musa. Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Tukur